Mun je neman shawara kan ƙara haihuwa bayan 'yarmu ta zo da sikila, ga yadda na samu wurin

Wannan bayanin na ma'auratan da su biyun jinotaif ɗinsu AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila (S) a jini amma basu da ciwon, ko waɗanda Allah ya riga ya basu yaro mai sikila suna ta juya magana a zuci ko su ƙara haihuwa ko su haƙura. Wani asibitin kuɗi ne a nan cikin Kano, ba wani babba bane, amma sun ware rana guda a sati ta masu sikila, kuma a ranar akwai wani ɗan ofis da ake zama da ma'aurata da masu shirin aure a yi musu bayani. Sunan asibitin kam bazan kama ba, don akwai abubuwan da basu min daɗi ba kuma sai na faɗe su, banaso ya zama na taɓa abincin wani. In maki ake bayarwa zan basu 7 cikin 10, kuma kusan duk makin nan na mace ɗaya ne, sistar da ke zama a ofishin.

Mijina ɗan gwaggona ne, auren zumunci akai mana, har yau Yaya nake ce masa. Kafin biki munyi gwaji, lokacin babu wata doka ma mu muka ga dama, nawa ya fito AS, nashi kuma wani ƙaramin lab na bakin titi ya rubuta masa AA da biro aka buga hatimi, aka ɗaura aure kowa na murna. Yarinyarmu tana wajen wata bakwai hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, kuka ba dare ba rana, ko zani ya taɓa ta sai ihu, aka gwada ta akace SS, wato sikila, aka sake gwada babanta ya fito AS. Yanzu ta shiga firamare, kuma tun daga kanta ban sake ba, na dinga yin allurar tazarar haihuwa ta wata uku, shi ya sani amma kafin zuwanmu asibitin nan bamu taɓa zama mun yi maganar a fili ba, kowa na tsoron abin da zai ji daga bakin ɗan'uwansa. Dangi kuwa basu yi shiru ba, duk suna ko biki sai an tambaye ni wai yaushe za'a yi mata ƙani.

Farkon shiga dai ba abin yabo. Wurin yankar kati da wurin jira duk falo ɗaya ne, kuma yarinyar da ke kan teburin akwai murya, sai ta ɗaga kai tace masu ganin sista kan maganar jinotaif su matso nan, kowa ya juyo yana kallonka. Ni da aurena ban damu sosai ba, amma akwai wani saurayi da budurwa a gefe, daga gani ba'a ɗaura ba tukuna, yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska har aka kira su. A gari irin Kano da in ka ɗan zauna a asibiti sai ka ga wanda ya san gidanku, wannan ba ƙaramin abu bane, magana ce da zata iya isa kunnen iyaye kafin su kansu yaran su gama fahimtar sakamakon. Sannan lokacin da aka bamu a waya daban lokacin da aka kira mu daban, mun zo da hantsi sai bayan azahar muka shiga, ranar Yaya bai buɗe shago ba gaba ɗaya. Kujeru basu isa ba, ga iyaye a tsaye riƙe da yara marasa lafiya. Fanka dai tana aiki kuma sun ajiye ruwan sha kyauta, wannan ya dace da wurin masu sikila tunda ƙarancin ruwa a jiki na cikin abin da ke tada ciwon.

Da muka shiga ofishin sai komai ya canza. Dattijuwa ce, ta tashi ta rufe ƙofa da kanta ta kashe ƙarar wayarta, tace wa maigidana Malam bismillah, ni kuma tace ƙanwata matso kusa da mijinki, ba a gefe zaki zauna ba maganar ta ku biyu ce. Ta karɓi takardun gwajinmu na da da na baya ta jera a tebur, ta nuna mana ashe gwaje-gwajen ba iri ɗaya bane. Akwai wanda kawai yake nuna ko akwai sikila a jini ko babu, shi baya iya raba AS da SS. Akwai wanda ake ɗiga jini a takarda a sa wutar lantarki ta rarraba shi layi-layi, shi yawancin ƙananan lab keyi, yana da kyau in mai yin ya san aikinsa kuma kayan basu lalace ba amma ido ne ke karanta shi, in layukan basu fito tar ba ana iya kuskure. Sai na na'urar HPLC da ke fitar da adadi a rubuce. Tace wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata 3 da suka wuce kada ya dogara da gwajin, don jinin da aka ƙara masa yana iya rufe nashi, kuma wai mutane da yawa suna zuwa mata da takardar rukunin jini, O ko A ko B, suna cewa ai sun yi gwaji alhali wannan daban wancan daban. Duk da mun san amsar sai da ta tura mu muka yi na HPLC, tace so take ta tabbata babu C, wata ƙwayar gadon jinin ce daban da S, ko wani nau'in a ciki, don mai AS da mai AC ma suna iya haifar SC kuma shi ma ciwo ne. Sai da sakamakon ya fito muka koma, to wannan komawar ita ce ainihin zaman.

Tana da murafan kwalbar lemo guda huɗu a cikin wata 'yar jakar yadi, ɗaya an rubuta AA a cikinsa, biyu AS, ɗaya SS. Ta miƙa wa Yaya tace Malam sa hannu ka zaro ɗaya kar ka leƙa. Ya zaro AS. Tace mayar, girgiza, sake zarowa. Haka ya dinga yi, duk zarowa sai ta sa ya mayar da murfin kafin ya sake. Can sai ga SS, ya mayar, ya sake sa hannu sai ga SS ɗin dai ta kuma fitowa, naga hannunsa ya tsaya cak. Tace to kun gani, jakar bata san me ka zaro ɗazu ba, kowane ciki sabon zarowa ne, kashi 25 cikin 100 SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA, ko cikin fari ne ko na takwas. Wallahi shekara da shekaru ana faɗa mana a gida wai tunda ta fari ta ɗauke ciwon uku masu zuwa lafiya lau zasu zo, kuma nasan shi ma Yaya da wannan lissafin yake kwana yake tashi. Murafan nan su suka rushe shi, ba wani dogon turanci ba. Akwai gidan da zasu haifi biyar babu SS ko ɗaya, akwai gidan da uku a jere duk SS, kuma duk lissafin ɗaya ne.

Daga nan Yaya ya yi tambayar da nake jin kowa na yi mata, yace Sista yanzu in ɗanki ne ya zo miki da wannan me zaki ce masa. Tace Malam aikina in tabbatar babu abin da aka ɓoye muku, amma ba ni zan kwana da yaron a gadon asibiti ba, ba kuma ni zan zauna a gidan da babu jariri ba, ku ne, don haka bazan zaɓa muku ba. To wannan shi ne babban abin da yasa nake yabon wurin. Mun taɓa haɗuwa da likitan da ko ɗago kai bai yi ya kalle mu ba yace ai ku rabuwa ya kamata ku yi, mun kuma sha jin masu cewa ku dai ku yi ta haihuwa Allah ne mai tsarewa. Allah ne mai tsarewa kam, wannan ba musu, amma duk su biyun hukunci suka yanke a kan rayuwar da ba tasu ba suka wuce abinsu. Ita ce mutum ta farko da ta ɗauke mu a matsayin manya masu hankali da zasu iya jin gaskiya su yi shawara.

Ta jero mana hanyoyin da ake dasu bata tsallake ko ɗaya ba, har waɗanda ta san aljihunmu bai kai ba. Akwai gwajin ciki, a ɗebi ɗan yanki daga mabiyiya wajen sati 11 zuwa 14 a gane jinin jaririn tun yana ciki, tace Sickle Cell Foundation da ke Legas suna yi, kuma akwai ɗan haɗarin ɓari duk da ba mai yawa bane. Amma ta tsaya nan ta tambaye mu, in an gwada akace SS ne sai me? Don dokar ƙasar nan bata yarda a zubar da ciki ba sai in ran uwa na cikin haɗari, kuma mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi tana da tsanani sosai a kan wannan. Ni dai tun kafin ta ƙarasa nasan ba hanyata bace, bazan iya ɗaukar ciki wata uku ina jiran takarda ta faɗa min ko in yi murna da shi ba. Tace wasu suna yi ne kawai don su shirya tun kafin haihuwa, wannan kam na fahimta. Sai IVF, a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a gwada tun yana 'yan kwanaki a zaɓi wanda ba SS ba a dasa a mahaifa. Ana yi a Abuja da Legas, malamai da yawa sun halatta in dai daga miji da mata ne kuma auren na nan, amma kuɗinsa miliyoyi ne kuma ana iya kashewa cikin bai zauna ba. Mai shagon kayan masarufi a unguwa ina zai kai.

Bata kuma tsorata mu da ciwon fiye da yadda yake ba. Tace sikilar yanzu ba irin ta zamanin kakanninmu bace da ake binne yara a jere ana cewa wabi ne. Ta yi mana bayanin da ni uwar mai sikila ban taɓa samun wanda ya zauna ya min ba, cewa ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120 a jiki amma ta mai SS kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi yasa kullum jininsu ke ƙasa idanu na yin rawaya, kuma shi yasa ake basu folik asid kullum. Ta bi maganin rigakafin maleriya, gidan sauro, alluran rigakafi, yawan shan ruwa, rufe jiki lokacin hunturu, da cewa zazzaɓi a jikin mai sikila ba abin jira zuwa safiya bane. Ta tambaya ko yarinyar na shan Hydroxyurea, maganin da ke rage tashin ciwon sikila, nace eh, tace ana auna jininta akai-akai dai ko, nace ana yi. Sai ta tambaya ko an taɓa yi mata hoton jijiyoyin kai, wanda ake yi wa yara daga shekara 2 zuwa 16 duk shekara don a gano wanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, nace ban ma taɓa ji ba. Nan take ta rubuta mana takarda. Tace a Asibitin Malam Aminu Kano aka yi babban bincike tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka kan amfani da Hydroxyurea wajen kare yara daga wannan shanyewar, wato abin ma a garinmu aka yi aikinsa amma uwa irina bata sani ba. Ko wannan kaɗai ya biya kuɗin da muka kashe.

Maganar warkewa gaba ɗaya kuwa ta faɗe ta a gurguje kuma na ga dalili. Dashen ɓargo yana warkarwa, a birnin Benin aka fara yinsa a Najeriya a 2011, amma sai an samu wanda jininsa ya dace, yawanci ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, ga tsada ga haɗari. Sabon maganin gyaran ƙwayar halitta da Ingila ta amince da shi a ƙarshen 2023 kuwa, a Amurka kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne. Tace akwai masu SS da suka yi digiri suka yi aure suka haihu, tana ganinsu kullum, amma kada in yaudare ku, babu wanda zai kalli jariri ya ce muku wannan nashi zai zo da sauƙi.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne da ta ce Malam ɗan bamu wuri. Ya fita, ta juyo tace ƙanwata ajiye maganar mijinki, ajiye ta surukarki, ke me kike so. Wallahi tun da aka gano ciwon yarinyar nan babu mahalukin da ya taɓa yi min wannan tambayar, sai kawai naji hawaye. Nace mata ina son yara, ni a gidan yawa na taso, in naga mai goyo sai naji wani abu a ƙirjina, kuma in 'yata ta dawo daga gidan maƙwabta tace Umma su suna da jariri mu yaushe za'a kawo namu, bansan inda zan sa kaina ba. Amma na san menene in riƙe yarinya da tsakar dare tana cewa Umma ƙashina, ina matsa mata ƙafa abin baya ko ragewa, muna jiran gari ya waye ko mai adaidaita ya ɗaga waya. Na san menene a ce jininta ya sauka a nemo leda, Yaya na ta kiran abokai da ƙanne. Nace mata abin da nake tsoro ba wahalata bace, tsorona in kalli yaro na biyu yana wannan kukan alhali wannan karon na sani tun kafin in ɗauki cikinsa. Bata ce min kina da gaskiya ba, bata ce bakida ba, ta miƙo min tishu tace wannan maganar kin taɓa faɗa masa? Nace a'a. Tace to shi ya fi ni cancantar jinta. Daga nan ni ma ta fitar dani ta zauna da shi, har yau bansan duk abin da suka tattauna ba, amma da ya fito idonsa ja ne.

Da ta haɗa mu kuma sai ta koma tambayoyin ƙasa-ƙasa, irin waɗanda masu cewa a ƙara haihuwa basa yi. In ina da tsohon ciki ko ina jego ciwon babbar ya tashi waye zai kwana da ita. Nawa muke kashewa a wata tsakanin magani da gwaji, in ya ninka zamu iya. Mutum nawa muke dasu da zasu ba da jini in an kira su. In dukkansu biyu suka kwanta lokaci ɗaya fa. Bata ce mu bata amsa ba, tace mu tafi da su gida.

Akwai maganar da nasan mata da yawa ita ce a ransu, ta kishiya. Gwaggo ta daɗe tana faɗa a kaikaice cewa ai in ya auro mai AA shikenan zai samu 'ya'ya lafiyayyu, kuma ta fuskar jini gaskiya ta faɗa, mai AS da mai AA basa haifar SS. Ban zaci sistar zata taɓo wannan ba amma ta taɓo, a gabana, ba tare da ta kashe masa ido ko ta tausaya min ba, tace wannan ma wasu gidajen shi suke zaɓa, wasu rabuwa suke kowa ya nemi mai AA, wasu riƙon ɗan dangi ko maraya suke ɗauka, wasu kuma su tsaya a kan abin da Allah ya basu. Zafi naji sosai lokacin da take faɗa, bazan ɓoye ba. Amma gara da aka faɗe ta a ɗakin da nake zaune, da a dinga ƙulla ta a ɗakin da bana nan. Yaya yace shi yanzu ba wannan ne a gabansa ba, ban kuma nemi ya rantse min a kan gobe ba.

Inda suka gaza sosai shi ne ɓangaren addini. Kusan duk wanda ya shiga ofishin nan tambayar da ke cin ransa ita ce shin in na daina haihuwa ban yi wa Allah shisshigi ba, kuma sistar da kanta tace ita ba malama bace, mu tambayi masana. To ai da sai asibitin ya samu malami ko malama ɗaya da ya fahimci ciwon da za'a dinga tura mutane wurinsa, don ba kowane malami ne ya san bambancin AS da SS ba, wani kana fara magana zai ɗauka tsoron talauci ne ya kawo ka. Mu dai mun dace da malamin da Yaya ke ɗaukar karatu a wurinsa, ya saurare mu har ƙarshe, yace sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ba'a hana su ba, kuma tazara da yardar miji da mata saboda lalura ta lafiya babu laifi, abin da malamai suka tsananta a kai shi ne a kashe haihuwa gaba ɗaya ba tare da larura mai ƙarfi ba. Yace mu yi istihara. Mun yi.

Abin da muka tsayar shi ne mun dakata, ba na shekara ɗaya ko biyu ba, mun dakata ne da niyyar wataƙila ita kenan, sai in Allah ya kawo wani hali da bamu gani ba yanzu. A daren da muka yanke na faɗa masa duk abin da na faɗa wa sistar, shi ma ya faɗa min nashi, ashe tun ranar da aka fara yi wa yarinyar ƙarin jini yake jin shi ya jawo, saboda waccan takardar ta AA. Shekaru muna gado ɗaya kowa na ɗauke da nashi. Masu cewa ɗa ɗaya ai ba haihuwa bace ina jinsu, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ban ga ɗayansu a bakin gadon asibiti da ƙarfe ukun dare ba.

Wani abin haushin kuma, bayan duk wannan bayanin asibitin basu da sashen tazarar haihuwa, sai dai su ce ki je wani wurin. Sistar ta dai yi min bayani da baki, ashanar hannu akwai Implanon ta shekara 3 akwai Jadelle ta shekara 5, robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10 kuma babu sinadarin hormone a cikinta sai dai tana iya ƙara yawan jinin al'ada, allurar wata uku kuma in an daina tana iya ɗaukar watanni kafin haihuwa ta dawo. Na gaji da lissafin ranar allura da fargabar mantuwa, don haka naje asibitin gwamnati na unguwarmu aka saka min Jadelle, kayan kyauta ne sai ɗan abin da na bayar na safar hannu da auduga. Watannin farko al'adata ta rikice, an riga an faɗa min haka zai faru don haka ban tsorata ba. Amma macen da ta sha wahala kafin ta shawo kan mijinta ya rako ta, a ce kuma sai ta sake neman izini da kuɗin mota zuwa wani asibitin, wata daga nan maganar ta mutu.

Kuɗi kuwa, na zaman da sista bai yi yawa ba in aka duba daɗewar da take yi da mutum, bata taɓa kallon agogo ba. Gwajin HPLC ne ke da tsada, mu biyu ya ɗan girgiza mu, kuma babu inda aka manna farashi, sai ka je wurin biya kake ji. Takardar bayanin da suke rabawa da turanci take, a wurin da kusan kowa Hausa yake ji, har na ga wata tsohuwa ta naɗe tata tana fifita da ita. Babu wanda ya kira mu daga baya ya ji ya muka ƙare duk da sun karɓi lambar waya. Kuma duk aikin a wuyan mace ɗaya yake, ranar da bata nan ofishin a rufe yake, wata maƙwabciyata da na tura ta je ta tarar da haka ta dawo.

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta haɗa jinotaif da ciwon hanta da HIV, mutane sun ƙaru a wuraren gwaji, kuma abu ne mai kyau a ƙasar da kusan mutum 1 cikin 4 ke ɗauke da S kuma ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara. Amma takarda kaɗai bata isa ba. A miƙa wa yaro da yarinya sakamako saura sati biyu biki, an kai lefe an buga kati, babu wanda zai zauna da su ya fitar musu da murafan nan huɗu, me ake so su yi? Wasu zasu je su nemo wata takardar ne kawai. Irin wannan ofishin ya kamata a ce duk inda ake gwajin akwai shi, kuma iyaye su gwada 'ya'yansu tun suna makaranta, musamman gidajen da ake auren zumunci irin namu.

Wanda zai je irin wannan wurin ya tafi da duk takardun gwajin da ya taɓa yi har waɗanda yake ganin kuskure ne, da katin asibitin yaron in akwai, da sunayen magungunan da yake sha. Ku je tare, in mijin yaƙi zuwa ki yi ta lallaɓa shi har ya yarda, don rabin amfanin zaman a kan kunnensa yake. Kada ku tafi da uwa ko suruka a zaman farko, sistar ma bata bari su shiga sai ma'auratan sun nema da kansu. Ku kira ku tabbatar tana nan kafin ku fito, ku ci abinci, ku ware yinin gaba ɗaya. Gwaggo kuwa har yanzu bamu faɗa mata abin da muka yanke ba, Yaya yace shi zai same ta da kansa, kuma sistar tace in yana so ya kawo ta ofishin ita ma ta sa hannu a jakar.